Mai neman takobi kada ya yar da hauya

A ƙasar Magarya da Dungas, kudu da birnin Damagaram, kokowa wasan kaka ce. In an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sai makaɗa su fito da ganguna. Samarin wannan gari su tafi wancan gari, a kewaye fili, a kama. Yara suna gefe suna kallo. Da yawa daga cikinsu burinsu ɗaya ne: wata rana su ɗauki takobi.

Wannan buri ba laifi ba ne. Tun shekarar 1975 ake yin babbar kokowar ƙasa a Nijar. A Tawa aka fara ta, kuma Kantu na Maraɗi ne ya zo na ɗaya. Yau wanda ya gagari kowa ana naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da kuɗi. Jihar Damagaram ma ta fidda gwanaye. Langa-Langa ya yi suna har aka sa wa filin kokowar Damagaram sunansa. Bala Haruna ya zo bayansa, shi ma ya ɗauki takobi. Saboda haka yaron Bande, ko na Waca, ko na Dogo-Dogo, yana da dalilin sa rai.

Amma kokowa tana da lokacinta. Da ruwa ya sauka, ganga sai ta yi shiru har wata huɗu. A nan ne wasu samari ke yin kuskure. Wani ya kayar da mutum biyu ko uku a kakar bara, an yi masa kirari, sai ya ce shi ya wuce noma. Ya zauna gindin icce yana shan shayi, yana jiran kaka. Wani kuma har ya bar makaranta. Wannan saurayi yana nisanta kansa da takobin da yake so, bai sani ba.

Ba ɗan kokowa kaɗai ne wasansa ke da lokaci ba. A ƙasashen sanyi, kamar Faransa da Suwis, akwai wani wasa da ake yi bisa duwatsu. Da hunturu dusar ƙanƙara takan rufe duwatsun, su yi fari fat. Sai yaro ya ɗaura ƙafafunsa biyu a kan wani allo mai santsi, ya sulalo daga bisa zuwa ƙasa. Gwani yakan yi tsalle, ya juya cikin iska, ya dira a tsaye. A shekarar 1998, a garin Nagano na ƙasar Japan, aka sa wannan wasa cikin wasannin Olamfik. Akwai masu ci da sha da shi, kamar yadda wasu ke ci da kokowa.

To, in zafi ya zo, dusar ƙanƙara sai ta narke. Me masu wannan wasa ke yi? Wanda ke son ya zama gwani ba ya zama. Wasu su hau can ƙololuwar duwatsun Alp, sama da mita 3000, inda ƙanƙara ke saura ko da zafi. Sukan fita da sassafe, tun rana ba ta sa ta yi laushi ba. Masu hali su tafi Niyu Zilan ko Cili, inda ake sanyi a watan Yuli da Agusta. Sauran su yi gudu, su hau keke, su ɗaga ƙarfe. Da yawa suna yin aikin ƙwadago, su tara kuɗin da za su yi wasa da shi in sanyi ya dawo. Sun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaron Magarya ba shi da dutsen ƙanƙara, ba ya kuma bukatar sa. Yana da gona. Shuka tana koya wa ƙafa tafiya cikin rairayi. Noman fari da maimai suna ƙarfafa hannu da kafaɗa da gadon baya. Wanda ya saba yini yana noma ba zai yi haki da wuri a fili ba. Cirar gyaɗa da ɗaukar dami suna ƙarfafa ƙugu da wuya. Waɗannan gaɓoɓi su ne dai ɗan kokowa ke aiki da su. Bayan haka, ƙarfi daga abinci yake fitowa. Fura da tuwo da wake da ɗan kokowa ke ci, daga gonar nan suke. Wanda ya ƙi noma da damana, rumbun wa zai buɗe da kaka?

Wasu za su ce noma dabam, kokowa dabam. Suna da gaskiyarsu. Ƙarfi kaɗai ba ya kayar da mutum. Akwai dabarar kamu, da sanin inda ake sa ƙafa, da saurin zillewa. Hauya ba ta koyar da waɗannan. Amma yini yana da tsawo. In an taso daga gona, an huta, samari biyu suna iya gwada kamu da marece. A kowane gari kuma akwai tsohon ɗan kokowa da zai nuna musu, in sun je da ladabi. Gona ta ba da ƙarfi, tsoho ya ba da dabara.

Saura maganar makaranta. Ita ce ta fi wuya, don lokacin da ake komawa aji, a watan Oktoba, shi ne lokacin da ganga ke fara kira. Yaro yana zaune kan benci, hankalinsa yana fili. To, sai ya yi wannan lissafi. Nijar tana da jiha 8. Kowace jiha tana aika ƴan kokowa 10. Ke nan mutum 80 ke haɗuwa, takobi kuwa ɗaya ne. Mutum 79 za su koma gida ba su same shi ba. Kafin ma a kai nan, sai an yi zaɓe a gundumomi, an tace, an sake tacewa a jiha. Wani lokaci kuma gwani ɗaya ya tare hanya shekara da shekaru. Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi har sau 6, na shida a Agadas a ƙarshen shekarar 2023. Ƙarfafa nawa ne suka yi ta jira a bayansa?

Ko wanda ya ci ma, ƙarfi ba ya dawwama. Gwiwa tana iya gocewa rana ɗaya, kafaɗa tana iya gullewa. In ba haka ba, shekaru su zo, yaro ya taso ya kayar da shi, don gaba da gabanta. Abin da ya koya a aji kuwa ba mai kayar da shi. Da shi zai ƙidaya kuɗinsa, ya karanta takarda kafin ya sa hannu, ya yi magana da baƙi in kokowa ta kai shi wata ƙasa.

Masu wasan ƙanƙara ma sun san haka. Wata yarinya ƴar Amurka, Kuloyi Kim, ta ci lambar zinariya a Olamfik na Koriya ta Kudu a 2018, tana da shekara 17. A 2019 ta karye a idon sawu. A shekarar nan ta ajiye gasa, ta shiga jami'a. A 2022 ta koma Olamfik a ƙasar Sin, ta sake cin zinariya. Karatu bai rage mata kome ba.

Iyaye da malamai su ma suna da nasu aiki. Uban da ya ga ɗansa yana son kokowa kada ya hana shi, kada kuma ya sake masa. Malami ya ba yara fili bayan an tashi, ya haɗa kowa da tsaransa, don kada babba ya ji wa ƙarami ciwo. Kokowar garuruwa kuwa a bar ta sai Asabar da Lahadi.

Yaron da ya yi noma da damana, ya zauna aji da kaka, ya yi kokowa a lokacinta, ba ya hasara. In Allah ya ba shi takobi, ya san yadda zai riƙe shi. In bai samu ba, rumbunsa cike yake, kuma ya iya karatu.

Tambayoyi

1. A wane gari aka fara babbar kokowar ƙasa, kuma a wace shekara?
2. Me masu wasan ƙanƙara ke yi in zafi ya zo?
3. Waɗanne ayyukan gona ne ke ƙarfafa ɗan kokowa?
4. Mene ne ma'anar "ba a fafe gora ranar tafiya"?