Murya Ba Ta Samuwa A Cikin Na'ura

Masu iya magana sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mun ji, mun yarda. Amma ba su ce in kiɗa ya sauya mawaƙi ya jingine muryarsa ba. Abin da ya sami waƙar wasan kwaikwayon Hausa ke nan a yau.

Tun daga fim ɗin Sangaya na 1999, waƙa ta zama ginshiƙin finafinanmu, fiyano ya maye gurbin kalangu da kotso. Wannan bai dame ni ba. Abin takaicin shi ne yadda manhajar nan ta Auto-Tune, wadda aka fitar a Amurka a 1997, ta zama sandar makaho ga mawaƙanmu. Mai kuka da mai murna duk murya ɗaya, siririya, ta hanci, kamar an zubo su daga kwano guda. A ɗauke wutar lantarki, a tsayar da mawaƙin a dandali, sai ka ji shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Mai karatu, tuna da magabata. Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, kan tsaya gaban makaɗa da 'yan amshi, muryarsa ta hau bisa kalangai ta isa ƙarshen taro. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya daɗe yana amshi kafin ya ja ragamar ƙungiya. Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa kan sauya murya ya zama miji, ya zama mata, a waƙa guda. Hajiya Barmani Choge kuwa ƙwarya kawai ta ishe ta. In ba wasan kwaikwayo cikin waƙa ba, mene ne wannan?

Wasu za su ce ai baiwa ce. Haka ne, amma baiwa kamar gona take, sai an nome ta. Numfashin waƙa daga ciki yake tasowa, ba daga maƙogwaro ba. Wanda ya matse wuya don ya ɗaga murya, dishewa zai yi kafin a raba dare. Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. Mawaƙin da bai buɗe baki ya ba kowane wasali haƙƙinsa ba, ya kashe ma'ana ko da amonsa ya kai zuma daɗi. Uwa uba, sai ya san halin wanda yake kwaikwaya, domin muryar marainiya daban, ta sarauniya daban.

Makarantar wannan fanni tana nan a ƙofar gidanmu. Yaran da ke tashe da azumi, daga lungunan Kano har zuwa Gangaren Tudu a Keffi, suna haɗa waƙa da kwaikwayo ba lasifika ba fiyano. Cikinsu akwai muryoyin da za su gaji Shata, in an sami mai renonsu.

Don haka ina kira ga sassan Hausa da na wasan kwaikwayo a jami'o'inmu: nazarin waƙa a takarda ya isa haka nan. A gayyato tsofaffin 'yan amshi su koyar da numfashi da jan baiti tun suna raye. Ɗalibi kuma kada a ce ya ƙware sai ya cika zaure da muryarsa tsurarta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu farga.