Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ku Sauko da Laftof ɗin Nan Daga Saman Durowa



Akwai uzurin da na gaji da ji a wannan zaure: "Da ina da laftof, da tuni na gama littafina." Abin haushin, da yawa daga masu faɗin haka akwai laftof a gidajensu. Ta Yaya ce ko ta Baba, tana saman durowa ta sha ƙura, an yanke mata hukuncin kisa wai don ta cika nauyi.

Ni ban yarda ta mutu ba, kaya aka labta mata fiye da ƙarfinta. Microsoft ta janye kulawar da ta saba ba Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ita kuwa Windows 11 ta zo da sharuɗɗan da yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika ba. Wannan lissafin kamfani ne, me ya haɗa shi da marubucin da buƙatarsa shafin rubutu ne da ɗan leƙa intanet?

Ga Linux nan kyauta, wadda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, kuma tana da nau'o'i marasa nauyi. Linux Mint na tashi da ram 2GB da wurin ajiya 20GB, sai ka zaɓi samfurinta na Xfce. In kwamfutar ta fi haka tsufa, akwai antiX. A cikin Mint za ka tarar da LibreOffice na rubutu, mai buɗe fayilolin Word, da Firefox na shiga intanet. Akwai kuma tsarin madannai na Hausa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna ƙarƙashin yatsunka. Sai mu daina rubuta "kasa" muna nufin "ƙasa".

Aikin ba shi da wuya. Ka fara kwashe duk abin da ke cikinta, domin ɗora sabuwar manhaja na iya share komai. Ka sauke Linux, ka zuba ta a filash da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Za ka iya gwada ta a haka, ka tabbatar da sauti da Wi-Fi suna aiki, kafin ka girka. In da hali, mai gyara ya share ƙurar fanka, ya sauya tsohon faifan ajiya da SSD. Wannan sauyin kaɗai kan sa ka rantse wata kwamfutar aka ba ka.

Na san za a ce, "Ai waya ta wadatar." Ta wadatar wajen rubuta fitowa ta yau a tura WhatsApp. To gyara fa? Wa ke iya bin babi arba'in a fuskar da ba ta wuce tafin hannu ba, ya gano cewa jarumar da ya kira Zainab a farko ta koma Zulai a tsakiya? Shi ya sa labaranmu ke fita da tufka da warwara. Ga kuma ƙwacen waya: dare ɗaya, aikin shekara ya bi ɓarawo. Wanda ke rubutu a laftof, yana ajiye kwafi a filash da imel, ya huce wannan takaici.

Wani zai ce batirin ya mutu, ga rashin wuta. Gaskiya ne. Amma kuɗin batir ina, kuɗin sabuwar laftof ina? Wani kuma zai ce ba ta jan bidiyo sosai, kuma in an buɗe shafuka goma sai ta fara nishi. Madalla! Na'urar da ke wahalar da kai wajen kallo, ta sakar maka mara wajen rubutu, ai ita ce abokiyar marubuci.

Don haka aikin wannan mako ɗaya ne: a sauko da ita, a kakkaɓe, a jona. Wanda ya maƙale ya faɗi samfurinta da yawan ram ɗinta a ƙasa, mu taru mu duba. Mako mai zuwa babin farko nake son gani, uzuri ya ƙare.