Gilashi sabo, ido karkatacce: magana ga dillalan mota na Zongon Kwatano

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina cin abinci a harkar mota a nan Kwatano. Daga gida a Tokpa-Hoho nake fita da safe, wata rana tashar jiragen ruwa, wata rana fakin motoci na Sekandji, in nemo wa mutanen Parakou da Djougou da Gaya da Maraɗi abin da suke so, in karɓi la'adata. Na faɗi haka ne don mai karatu ya san ba daga waje nake jifa ba. Laifin da zan yi magana a kansa ni ma na aikata shi.

Bara wani Alhaji, tsohon abokin cinikina, ya sa na nemo masa wata babbar jif ƙirar 2019 da ta fito daga Amurka. Mota ce ta gani ta faɗa, sai dai gilashinta na gaba ya tsage tun daga ƙasa har kusan tsakiya. Na kai ta wurin wani mai sa gilashi da na daɗe ina hulɗa da shi. Yaro ne mai hannu, ba ya ha'inci. Ya cire tsohon, ya shafa gam, ya ɗora sabo, ya mayar da ɗan akwatin roba da ke bayan madubin direba. Na tambaye shi, wannan kyamarar da ke ciki fa? Ya ce, "Baba, ai inda na same ta nan na mayar da ita. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Muka tayar da mota, babu wata fitila da ta kama a gaban direba. Na biya shi, na tafi.

Kashegari muka ɗauki hanyar Porto-Novo don Alhaji ya ji motarsa. Mun wuce inda ake biyan kuɗin hanya a Ekpe, titi ya buɗe, fentin layi ya fito sosai, Alhaji ya ɗan taka. Sai na ga ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu. Ya ce, "Malam, motar nan ja take yi." Tana tsakiyar layinta, amma sitiyarin yana tura kansa dama kaɗan-kaɗan, ga wani ɗan zemijan ɗauke da mace da goyo a gefen. Ba mu taɓa su ba, Allah ya kiyaye. Amma tazarar da ta rage tsakanin madubin gefe da kafaɗar matar nan ba na son tuna ta.

Da farko taya muka zarga. Aka duba iska, aka duba saitin ƙafafu, lafiya lau. Sai wani matashi mai gyaran wutar mota ya tambaye ni, an taɓa gilashi? Na ce jiya-jiyan nan. Ya ce, "To an saita kyamara?" Na yi shiru.

Ga abin da ni da yawancinmu ba mu gane ba. A mota irin Peugeot 504 da muka taso da ita, gilashin gaba aikinsa tare iska da ruwa da ƙura. A manyan motocin yanzu, Lexus ne ko Mercedes ko Range Rover ko Prado sabon yayi, gilashin ya zama mazaunin idon mota. Kyamarar tana zaune a kan wani ɗan maƙali da aka manne a jikin gilashin tun daga masana'anta, kuma ta cikin gilashin take kallon titi. Ita ke karanta fentin layi ta gyara sitiyari idan mota za ta kauce. Ita ce, tare da na'urar rada da ke gaban mota, ke gane mota ko mutum a gaba ta taka burki idan direba ya makara. Ita ke sauke babbar fitila da dare idan wata mota ta taho. Kwamfutar motar ba ta ganin titi da kanta, abin da kyamara ta gaya mata shi take ɗauka. Kuma an koya mata tun farko cewa kyamarar tana kallon daidai tsakiyar hanyar da mota ta dosa. Idan aka canza gilashi, kaurin gam ya bambanta, ko maƙalin ya ɗan goce, ko lanƙwasar sabon gilashin ba ta zo ɗaya da ta tsohon ba, sai kyamara ta koma kallon gefe kaɗan alhali kwamfuta tana nan a kan tsohon karatu.

Kaɗan ɗin nan fa shi ne matsalar. Duk wanda ya yi lissafi a makaranta zai iya gwadawa: karkata ta digiri 1 tak, idan aka miƙa ta zuwa nisan mita 100, tana zama kusan mita 1.75. Faɗin layin mota ɗaya a babban titi kusan mita 3.5 ne. Wato rabin layi ke nan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye wannan mita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa 4. Digiri 1 kuwa babu idon da zai gane shi a kan ɗan akwatin da bai kai tafin hannu ba. Karin maganar da yaron nan ya kawo mini gaskiya ce a wurin awon gero, ban da nan.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rashin fitilar gargaɗi. Idan waya ta tsinke ko kyamara ta mutu, mota za ta faɗa maka. Amma idan kyamarar tana da rai, tana gani, karkata kawai ta yi, sau da yawa mota ba ta san komai ba. Makaho ya san shi makaho ne, yana neman ɗan jagora. Wannan kuwa mai gani ne da yake ganin abu a inda ba ya nan, kuma hannunsa yana kan sitiyari da burki.

Wani zai ce motoci nawa ne ma masu irin wannan a garin? Ya je Sekandji ya ƙirga. Volvo ta fara sa burki mai taka kansa a XC60 tun 2008. Toyota da Lexus sun fito da nasu tsarin a 2015. A 2016 kamfanonin mota 20 suka yi alkawari a Amurka cewa kafin Satumban 2022 kusan duk sabuwar motarsu za ta zo da shi, Tarayyar Turai kuma ta wajabta shi a kan duk sabuwar mota daga Yulin 2024. Mu kuwa motocin da suka sha shekara biyar zuwa goma a can su ke sauka a tasharmu. Abin da ke cikin motar Alhazai yau, gobe yana cikin Corolla ta malamin makaranta. Kuma mun sani, ba sai an ɓoye ba, da yawa daga motocin Amurka daga gwanjon motocin da suka yi hatsari ake sayo su, irin na Copart da IAA. A nan ake buga gaba, a sa bamba, a sa gilashi, a fesa fenti. Kyamara da rada duk an motsa su, ba wanda ya waiwaye su.

Na yi wannan magana a majalisarmu bayan sallar isha'i, na sha suka iri uku. Bari in kawo su yadda aka faɗe su, don ba duka ne shirme ba.

Na farko ya ce titunanmu ba su da layi, kyamarar me za ta karanta? A cikin lungunan Zongo da kewayen Dantokpa, inda mota ke rarrafe tsakanin babura da masu tura kaya, gaskiyarsa: mai gyara sitiyari yawanci ba ya farkawa sai mota ta wuce kilomita 50 ko 60 a awa kuma akwai fenti a ƙasa. To amma wa ke sayen jif don ya tsaya a lungu? Hanyar Seme, hanyar Ouidah, hanyar Bohicon zuwa Parakou har Malanville, can ake gudu, can kuma fentin yake. Ga kwaltar da aka shimfiɗa a unguwannin Kwatano a shekarun nan. Shi kuwa burki mai taka kansa bai damu da fenti ba. Idan ya ɗauki babur ɗin da ke gefe a matsayin wanda ke gabansa, zai dafe mota a tsakiyar titi, na baya ya shigo. Idan kuma ya ɗauki wanda ke gabansa a matsayin na gefe, ba zai taka ba a lokacin da ake bukata.

Na biyu ya ce a kashe abin gaba ɗaya mana, direba ya tuƙa motarsa kamar yadda iyayenmu suka yi. Wannan ya fi na farko ma'ana, kuma ni kaina na gwammace a kashe a bayyane da a bar shi a karkace. Sai dai a motoci da yawa, musamman na Turai, da ka kashe mota ka sake tayarwa, burkin gaggawar ya dawo da kansa. Ka kashe yau, gobe direban Hajiya ya ɗauki yara zuwa makaranta bai san zancen ba. Sannan asara ce. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano cewa wannan burki yana rage karon da mota ke yi wa ta gabanta daga baya da kusan rabi. A garin da babur ya fi mota yawa, wa ya fi mu bukatar irin wannan?

Na uku shi ne na kuɗi, kuma shi ne na gaskiya. Kasuwa ta yi sanyi. Tun Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, a Agustan 2019 ta rufe iyakar baki ɗaya fiye da shekara, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma hanyar Malanville zuwa Gaya ta toshe. Kowa yana matse kashe kuɗi. Na sani, a jikina nake ji. Amma mutumin da ya iya fitar da miliyoyin sefa ya sayi jif ba kuɗin saiti ne zai gagare shi ba. Abin da ke faruwa shi ne ba ma gaya masa. Muna tsoron kada ya ji an canza gilashi ya nemi ragi. Akwai ma masu sa ƙaramar na'ura su goge gargaɗin da ya fito, fitila ta mutu, a ce an gyara. Goge gargaɗi daban, saiti daban. Duk wanda ya zauna gaban malami a Zongo ya san hukuncin ɓoye aibin kaya a ciniki, ba sai na maimaita ba. Bambancin kawai, aibin shinkafa mai saye yake cuta, wannan kuwa yana iya faɗawa kan wanda bai san an yi cinikin ba.

Saitin kansa ba tsafi ba ne. Iri biyu ne, wata motar ɗaya take so, wata duka biyun. A na farko ana tsayar da mota a daɓe mai lebur, tayoyi da iska daidai, ba kaya a but, a auna tsakiyar mota da igiya ko hasken leza, a kafa wani allo mai zanen baƙi da fari a nisa da tsayin da masu motar suka ƙayyade, sannan a haɗa kwamfuta ta koya wa kyamara inda tsakiya take. A na biyu ana haɗa kwamfutar a fita da mota kan titi mai fenti, a yi tafiya da gudun da aka ce har ta kammala karatunta. Kowace mota da allonta, na Toyota ba ya yi wa Mercedes. Kamfanoni irin su Bosch da Autel da Launch suna sayar da kayan aikin. Gilashin ma sai an kula: wanda aka yi don mota mai kyamara daban ne, mai nuna gudu a jikin gilashi kuma daban, kuma gam yana son a ba shi lokacinsa ya kama kafin a hau hanya. Araha ba ta ado a nan.

Shawarata ga 'yan uwana dillalai ba ta da tsawo. Duk motar da aka canza wa gilashi ko aka buga wa gaba, a faɗa wa mai saye da baki, a gaban shaidu, kamar yadda muke faɗin an taɓa inji. Idan an saita, a miƙa masa takardar da kwamfuta ta fitar tare da takardun kwastan. Takardar bizit ta CNSR abu ne daban, ba ita ce shaidar saiti ba. Masu sa gilashi kuma su daina cewa an gama alhali saura rabi. Ba abin kunya ba ne mutum ya ce nawa aikin ya ƙare, ka wuce wurin mai kwamfuta. Kuma ina ganin lokaci ya yi da manyanmu a harkar nan za su haɗa kuɗi su kafa wuri ɗaya mai daɓe da alluna, su tura yara biyu ko uku su koyo aikin. Muna da matasa a Zongo da suka iya kwance wayar salula su mayar, suna zaune ba aiki. Mun haɗa kuɗi don abubuwan da ba su kai wannan ba.

Motar Alhaji kwana huɗu ta ƙara a Kwatano kafin muka sami garejin da ke da allon da ya dace da ita. Aikin bai kai awa biyu ba. Daga la'adata na biya, don ni na kai ta wurin gilashi kuma ni na yi shiru da tambayar da na san ban sami amsarta ba. Muka sake bin hanyar Porto-Novo, sitiyari ya zauna. Da zai tafi ya riƙe takardar saitin yana juyawa, ya ce, "Malam, to sauran motocin da ka sayar mini a baya fa?" Biyu daga cikinsu an canza musu gilashi a hannuna. Ɗaya tana Parakou, na riga na kira mai ita. Ɗayar an sayar da ita ta haye Nijar, har yanzu ina neman lambar wanda take hannunsa.