'Yancin Ƙananan Hukumomi: Wa Zai Karanta Wa Buji Doka Kafin Ta Sa Hannu?

Tun daga ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni domin naɗa kantomomi, bakin jama'a bai huta ba a kan maganar kuɗi: nawa za su shigo, ta wane banki za su biyo, kuma wane ne zai sa hannu a fitar da su. Ko shakka babu wannan muhawara tana da amfani, to amma a nawa ganin akwai wani ɓangare da aka bari a baya, wanda idan ba a kula da shi ba, 'yancin da ake murna da shi zai iya zame wa talaka sabuwar wahala. Wannan ɓangare kuwa shi ne aikin sashen shari'a a ƙaramar hukuma, wato ofishin da zai riƙa gaya wa shugaba da kansiloli abin da doka ta yarje musu da abin da ta hana su, tun kafin su aikata.

Na zaɓi in yi misali da Buji a Jihar Jigawa ne saboda ita ce irin ƙaramar hukumar da mutane ke zaton ba ta da abin yi da lauya. An cire ta daga Birnin Kudu a 1996, hedikwatarta na Gantsa, tana da mazaɓu 10, kuma tana cikin ƙananan hukumomi 7 na masarautar Dutse. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum fiye da 97,000, galibinsu manoma da makiyaya. Wani zai ce, ina ruwan mai noman gero a Kawaya ko Ahoto da sashen shari'a, ai wannan harka ce ta manyan birane irin su Legas da Abuja. Amsar ita ce, ɗan birni idan hukuma ta taka shi yana da lauyan da zai kira da jaridar da za ta buga kukansa, shi kuwa mutumin karkara sai dai ya bar wa Allah. Saboda haka shi ya fi kowa buƙatar hukumar da ta san iyakarta.

Mai karatu ya lura da wani abu game da shari'ar ta 2024. Babu ƙaramar hukuma ko ɗaya da ta shigar da ita. Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, shi ya kai jihohi 36 ƙara, Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin, su kuwa waɗanda ake rigimar a kan dukiyarsu suna gefe suna kallo. Bugu da ƙari, wani babban ɓangare na gardamar ya rataya ne a kan kalma ɗaya ta Ingilishi a sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999: shin biyan kuɗin ta hannun jiha wajibi ne ko kuwa zaɓi ne? Idan har makomar biliyoyin naira za ta dogara ga fassarar kalma guda, to ashe hukumar da ba ta da mai karanta mata kalmomi tana tafiya ne cikin duhu.

Sassan da muka saba gani a sakatariyoyin ƙananan hukumomi sanannu ne: na mulki, na kuɗi, na ayyuka, na noma, na lafiya, da na ilimi da walwalar jama'a. A bisa al'adar da muka gada, ba a tunawa da lauya sai ranar da sammaci ya iso, sannan a shiga neman wani mai zaman kansa a Dutse ko Kano, ko kuma a garzaya Ma'aikatar Shari'a ta jiha. Wannan shi ne ihu bayan hari. Kuma akwai abin tambaya a nan: idan saɓanin tsakanin ƙaramar hukuma ne da gwamnatin jiha, a kan kuɗi ko fili ko haraji, lauyan da ke karɓar umarni daga Kwamishinan Shari'a wa zai kare?

Ayyukan irin wannan sashe a wuri kamar Buji guda huɗu ne, kuma kowannensu ya shafi tuwon talaka kai tsaye.

Na farko shi ne tsara dokokin ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulki ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu, da ba da lasisin keke da amalanke da baro, da sa ido a kan shaguna da gidajen abinci da gidajen burodi, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. To amma wannan jeri bai faɗi nawa mai rumfa zai biya ba, bai kuma faɗi hukuncin wanda ya ƙi biya ba. Wajibi ne majalisar kansiloli ta yi doka a rubuce wadda ta fayyace waɗannan, ba tare da ta ci karo da dokar jiha ko ta tarayya ba. Duk inda babu wannan, abin da yaron haraji ya ga dama shi ne doka ranar kasuwa, kuma duk ranar da wani mai ido ya kai ƙara, hukuma ce za ta ji kunya a gaban alƙali.

Na biyu, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne sha'anin ƙasa. Mutane da yawa sun ɗauka Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 gwamna kaɗai ta ba iko. Gaskiya ne ta sanya ƙasar jiha a hannunsa a matsayin amana, amma sashe na 6 ya bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin riƙe ƙasa irin na gargajiya a duk wurin da ba a ayyana shi birni ba, har zuwa hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo, ba tare da neman yardar gwamna ba. Wannan sashe dai ya ce idan ƙaramar hukuma ta karɓi fili domin amfanin jama'a, sai ta biya diyyar abin da mai shi ya shuka ko ya gina, idan kuma gona ce, sai ta ba shi wata a madadinta. Manoma nawa ne a Madabe ko Kukuma suka san suna da wannan haƙƙi? Kuma shugabanni nawa ne suka san cewa dokar ta tanadi kwamitin ba da shawara kan rabon filaye a kowace ƙaramar hukuma? Idan an yi ambaliya, kamar wadda ta shafi Gantsa a daminar 2024, har ta kai ga tunanin sake wa mutane matsuguni, gonar wani za a yanka. Idan aka ga burtali ya toshe ko mashaya ta koma gona, sau da yawa za a tarar wani jami'i ne ya ba da takarda ba tare da ya duba taswira ko doka ba. Jihar Jigawa tana da hukuma ta musamman mai sasanta manoma da makiyaya, kuma ta cancanci yabo, sai dai ita tana zuwa ne bayan bango ya tsage. Mai hana shi tsagewa shi ne wanda zai duba takardar kafin a buga mata hatimi.

Na uku shi ne kwangila. Yawan kuɗi yana jawo yawan 'yan kwangila, kuma kowannensu da lauyansa yake zuwa, shi ne ma yake rubuto yarjejeniyar. Shugaban da ya sa hannu a takardar da babu wa'adin gama aiki a cikinta, babu sharaɗin abin da zai biyo baya idan rijiya ta ƙafe bayan wata uku, amma akwai kuɗin ruwa mai nauyi idan hukuma ta yi jinkirin biya, ya ɗaure wanda zai gaje shi, ya kuma ɗaure jama'a. Mun ga misalin wannan a matakin ƙasa. A 2021 an kai ruwa rana tsakanin Ƙungiyar Gwamnoni da ofishin Antoni Janar na lokacin, Abubakar Malami, a kan dala miliyan 418 da wasu masu ba da shawara da 'yan kwangila suka ce suna bin jihohi da ƙananan hukumomi, dangane da rarar kuɗin bashin Paris Club da aka maido. Wani ɓangare na wannan da'awa ya samo asali ne daga yarjejeniyoyin da aka ƙulla da sunan ƙungiyar ƙananan hukumomi ta ƙasa, wato ALGON. Ba hurumina ba ne in ce wane ne mai gaskiya. Darasin dai shi ne, ana iya cin bashi da sunan mutumin Buji a Abuja alhali ko labari bai ji ba.

Na huɗu shi ne tsayawa a kotu da amsa wa jama'a. Ƙaramar hukuma tana iya kai ƙara, ana kuma iya kai ta. Idan aka aiko da sammaci ya kwanta a cikin durowa, kotu tana iya yanke hukunci a bayan idonta, daga nan kuma mai ƙara ya nemi umarnin da zai sa banki ya biya shi daga asusunta. A zamanin asusun haɗin gwiwa akwai inuwar jiha da ake fakewa a ciki, amma ranar da kuɗi suka zauna a asusu mai sunan Buji, duk mai riƙe da hukuncin kotu ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Haka nan Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani, kuma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ba ta tsaya ga hukumomin tarayya kaɗai ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai kuma, a matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin sashen shari'ar da zai yi aikinsa da Ingilishi zalla rabin aiki ya yi. Masana shari'a na cewa jahiltar doka ba uzuri ba ne, to amma da wane adalci za a kama mutum da dokar da ba a taɓa karanta masa ita da harshen da yake ji ba? Wannan ba sabon abu ba ne a Arewa. A zamanin En'e da Hausa ake sanar da dokoki, majalisun Jihar Arewa da Ingilishi da Hausa suke zama, kundin hukunta laifuffuka da ya fara aiki a 1960 an fassara shi zuwa Hausa, kuma makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo a Zariya ta horar da alƙalai da ma'aikatan En'e domin aiki da shi. A 1991 ma an wallafa ƙamus na kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci. Har yau kuma sashe na 97 na Kundin Tsarin Mulki ya yarje wa majalisar jiha ta yi aiki da harshen jama'arta. Abin da kakanninmu suka iya da keken rubutu bai kamata ya gagare mu da kwamfuta ba.

Fassarar doka kuwa ba aikin kowa ba ne. Bahaushe yana rarrabe gado da saye da aro da haya da jingina, kowanne da hukuncinsa. Amma takardar da dokar 1978 ta tanada, wadda ainihinta izinin riƙewa da amfani ce, mun saba kiran ta takardar mallaka. Ranar da hukuma ta zo karɓar filin ta ce diyyar shuka da gini kawai za ta biya, mai gona zai ga an yaudare shi, domin kalmar da aka gaya masa ta yi masa alƙawarin abin da dokar ba ta ba shi ba. Irin wannan giɓi sai lauya da masanin harshe sun zauna a teburi ɗaya yake cikewa, kuma Jami'ar Tarayya da ke Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ba su da nisa.

Na san za a kawo hujjoji biyu. Za a ce babu kuɗin ɗaukar lauya, kuma ko an ɗauka ba zai zauna a Gantsa ba. Amsa ita ce, albashinsa na shekara da wuya ya kai abin da shari'a ɗaya da aka faɗi za ta ci, sannan babu abin da zai hana Buji da Birnin Kudu da Gwaram su fara da ofishi ɗaya na haɗin gwiwa kafin kowacce ta tsaya da ƙafarta. Za a kuma ce lauyan zai koma ɗan amshin shatan shugaba, yana halatta masa abin da ya ga dama. Wannan tsoro yana kan hanya, kuma maganinsa yana cikin yadda aka kafa ofishin.

Don haka ina kira ga Majalisar Dokokin Jihar Jigawa, wadda sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki ya ɗora wa alhakin tsara fasalin ƙananan hukumomi, da ta sanya wannan sashe cikin doka. A ɗauki lauyan ta hannun Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, yadda shugaba ba zai iya korar sa don ya faɗa masa gaskiya ba. A wajabta cewa duk wata kwangila da duk wata takardar fili sai an haɗa ta da shawararsa a rubuce, a ajiye a fayil, domin mai binciken kuɗi ya ga wanda ya ji gargaɗi ya yi kunnen ƙashi. A kuma shar'anta cewa dokar ƙaramar hukuma ba za ta fara aiki ba sai an fitar da ita da Hausa, an liƙa a kasuwa da ƙofar hakimi da dagaci, an karanta ta a rediyo.

Shugabanni da kansilolin da aka zaɓa a Jigawa a watan Oktoba na 2024 sun karɓi mulki a daidai lokacin da nauyin kujerar ya ƙaru. Shugaban da ya sa hannu a abin da bai fahimta ba, shi hukumomin yaƙi da cin hanci za su nema bayan ya sauka, ba wanda ya miƙo masa takardar ba. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya kuma haɗa su da masu gaya musu gaskiya, amin.