Gani Ya Kori Ji: Darasi Daga Taron Manoman Inabi

Tun da na komo daga Faransa 'yan'uwana ɗalibai suke yi mini tsiya, wai na tafi neman Faransanci na ɓuge da zaman mashaya. Wani ma ya tare ni a ƙofar laburare ya ce, "Malam, ashe har da kai?" To, tun da magana ta fito fili, gara in baje ta a wannan mujalla tamu, kowa ya auna da hankalinsa. Gaskiya ne na halarci taron ɗanɗana giyar inabi. Gaskiya ne kuma ko ɗigo bai shiga bakina ba. Ra'ayina kuwa shi ne, na ga wata ɗabi'a wurin manoman nan wadda mu muka fi cancanta da ita, ga shi kuwa muna sakinta.

Ga yadda abin ya faru. A watan Fabrairu na 2024 ina garin Angers wajen kwas na wata uku, sai dattijon da na sauka gidansa ya roƙe ni in raka shi wani taro kusa da Saumur, a gaɓar kogin Loire, domin ɗansa yana cikin masu baje kaya. Na gaya masa addinina ya hana ni sha, ya ce ai ba dole, in zo dai in ga mutane. Taron a cikin wani kogo aka yi shi, irin waɗanda suka samu sakamakon haƙar farin dutsen da aka gina manyan fadojin yankin da shi. Ga sanyi, ga ƙamshin ƙasa. Kowane manomi yana tsaye bayan ganga ɗaya da kwalabensa a kai, hannuwansa duk kanta. Mai ɗanɗano ya miƙa tambulan, a ɗan zuba masa, ya sansana, ya kurɓa, ya juya a baki, sa'an nan ya tofar a bokiti. Daga nan sai tambaya ta ɓarke: Wace gona ce? Wace shekara? Me ka sa a ciki? Manomi kuwa ya yi ta amsawa, ba ƙosawa.

Domin mai karatu ya gane dalilin tambayoyin, sai in ɗan yi bayani. Asalin giyar inabi ruwan 'ya'yan inabi ne da aka matse aka bari ya tsima, watau ƙwayoyin yis su cinye zaƙinsa su mai da shi barasa. Amma dokar Turai ta yarje wa masu yi su ƙara abubuwa da dama: yis na saye, da sukari, da sinadarin tsami, da farin ƙwai don tace gurɓi, da kuma sinadarin farar wuta mai hana lalacewa, wanda akan yarda ya kai miligiram 150 a kowace lita ta jar giya marar zaƙi, 200 kuma a fara. Manoman da na gani su ne suka ce a'a. Ba sa sa takin zamani, ba sa feshin magungunan zamani, da hannu suke tsinkar inabi, kuma yis ɗin da ke jikin 'ya'yan da cikin rumbunsu shi suke bari ya yi aiki. Wannan ita suke kira giya ta asali.

Tafarkin nan ya samo tushe ne daga yankin Beaujolais, wurin wani masanin kimiyya kuma ɗan kasuwar giya mai suna Jules Chauvet, wanda ya rayu daga 1907 zuwa 1989. Wani matashin manomi na Morgon, Marcel Lapierre, ya kama bin shawararsa a farkon shekarun 1980, abokansa uku suka bi sahu, watau Jean Foillard da Guy Breton da Jean-Paul Thévenet. A lokacin maƙwabta kallon masu taɓin hankali suke yi musu. Riƙon wannan aƙida kuwa yana da tsada. A 2013 hukuma ta umarci manoman wani sashe na Burgundi su yi feshi saboda wata cutar inabi da ƙwaro ke yaɗawa, wani manomi mai suna Emmanuel Giboulot ya ƙi. Kotu ta ci shi tara a watan Afrilu na 2014, sai a watan Disamba na shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta Dijon ta soke hukuncin.

Ɗan maigidana ya ba ni nasa labarin. Ya ce a watan Afrilu na 2021 jaura ta sauka da dare bayan itatuwa sun yi toho, ta ƙone masa fiye da rabin gona. Da kaka ta yi, wani dillali ya zo ya yi masa tayin inabi mai araha daga wata gona mai feshi, ya ce ya cika gangunansa, wa zai sani? Ya ce ya kwana yana lissafin bashin banki, da gari ya waye ya ce wa dillalin ya gode. Na tambaye shi dalili. Sai ya nuna mini jama'ar da ke gaban gangarsa ya ce, "Waɗannan za su dube ni su tambaye ni, ni kuwa ban iya ƙarya ido da ido ba." A nan ne na ga abin da ya kawo ni. Mai yi ne da kansa yake tsaye gaban mai saye, da sunansa da sunan gonarsa, in abu ya yi kyau a yaba masa, in ya ɓaci a gaya masa a fuskarsa. Babu cinikin biri a sama.

Kada a ɗauka na ruɗu da abin, domin yana da nasa aibi. Na farko, kalmar "ta asali" ta daɗe ba ta da linzami, kowane ɗan kasuwa yakan liƙa ta yadda ya so. Sai a 2020 hukumomin Faransa suka amince da wani tambari mai suna Vin Méthode Nature, wanda ya gindaya sharuɗɗa, cikinsu har da cewa farar wuta kada ta wuce miligiram 30 a lita. Shiga tsarin kuwa ganin dama ne. Na biyu, su kansu manoman sun yarda wani lokaci kayansu kan yi tsami ko wari, ga kuma tsada, har talakan garin ba ya iya saye. Na uku, wanda ya fi duka, barasa barasa ce ko da ruwan sama aka yi ta. A watan Janairu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani mizani na shan barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Har ila yau na san malamanmu sun yi hani ga zama inda ake sha, ban kuwa zo in yi jayayya da su ba, ba na kuma kiran kowa ya je. Amma tun da na riga na gani, ɓoye abin da na ƙaru da shi rowa ce.

To, ina ruwanmu? A matsayina na ɗalibin Hausa, abin da ya fara zo mini shi ne kalmomi. Bafaranshe yana ta fama da kalma guda, mu kuwa muna da zalla, da tsantsa, da tsagwaro, da gangariya. A ɗaya ɓangaren muna da algus, da ha'inci, da sirki, da gauraye. Al'ummar da ta tara irin waɗannan kalmomi lalle ta daɗe tana bambance na ƙwarai da na jabu. Iyayenmu sun san mai furarsu da suna, sun san rugar da nononta ya fito, in ta tsuga ruwa gobe za ta sha magana. Yau fa? Muna sayen zoɓo a gora ba suna ba adireshi, ba mu san ko sukari ne ko sakarin ba, ba mu san ko jansa na zoɓo ne ko na kala ba. Ana dama madarar gari a ce kindirmo ne, ana dafa sukari a ce zuma ce, ana zuba wa wake maganin ƙwari a kai shi kasuwa. Abin kunya ne a ce mai yin abin da muke ƙyama ya tsaya yana faɗin gaskiyar abin da ke cikin kwalbarsa, alhali mai sayar da halal yana ɓoye abin da ke cikin ƙwaryarsa.

Saboda haka shawarata ita ce mu maido da tambaya. Mai saye ya riƙa cewa, wa ya yi, me aka sa? Mai yi kuma ya sa sunansa a jikin kayansa, ya daina ɗaukar tambaya a matsayin raini. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ma tana iya soma gwadawa: ranar bikin makon Hausa a gayyato masu fura da kunun zaƙi da zoɓo da masu zuma, kowa ya tsaya bayan kayansa, a ɗanɗana, a tambaya, a rubuta sunayen kayan haɗi da hanyoyin yi kafin su ɓace tare da tsofaffi. Kuma wanda ya yi na gangariya a biya shi kuɗin gangariya, domin ba a neman gaskiya da araha a lokaci guda.

Ga ɗan'uwana da ya tare ni a ƙofar laburare, amsata ke nan. Na shiga kogon nan da ƙishirwa na fito da ita, sai da muka koma gida na sha ruwa. Allah ya tsare mu daga haram, ya kuma tsare halal ɗinmu daga algus, amin.