Jama'ar Rawayya, Mu Duba Abin da Muke Zuba wa Kanmu

Ya ku iyaye mata, masu kitso, masu shagunan gyaran gashi, da 'yan'uwa masu haɗa sabulun ruwa a gida, daga Rawayya har Bungudu, Tsafe da cikin garin Gusau.

Duk wanda ya shiga kasuwa a yankin nan ya ga robobin shamfu jere a kan tebur, kore da ja da ruwan ɗorawa, an ɗura a tsohuwar robar ruwa, babu suna, babu lambar NAFDAC. Mai saye za ta girgiza ta ga ya yi kauri, ya yi kumfa, sai ta ce mai kyau ne. To, kaurin nan da kumfar nan sau da yawa aikin wani sinadari ne da ake kira Cocamide DEA, wanda masu sayar da kemikal ke aunawa da sunan fom busta. Daga man kwakwa ake yin sa, a haɗa da wani sinadari, DEA. Kada kalmar kwakwa ta yaudare ku.

A shekarun 1990 masu binciken gwamnatin Amurka suka riƙa shafa shi a fatar ɓeraye na tsawon shekara 2, sai aka samu ƙari a hantarsu da ƙodarsu. Hukumar binciken cutar daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Liyon ta Faransa, ta sa shi a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa ga ɗan'adam. A 2012 jihar Kalifoniya ta sa shi cikin kemikal da dole a gargaɗi mai saye a kansu, kuma a 2013 wata ƙungiyar kare lafiya a can ta gano shi a cikin shamfu da sabulai 98. Ƙasashen Turai sun ƙayyade yawan ragowar DEA da aka yarda ya kasance a ciki.

Ba a tabbatar cewa wanka ɗaya zai kwantar da mutum ba, kada wani ya tayar da hankali. Abin tsoro shi ne, can ana auna shi a masana'anta da ƙa'ida, mu nan da cokali ake zubawa, ido ne ma'auni. Wasu har fomalin suke ɗigawa don kada haɗin ya lalace, alhali sinadarin da ke cikin fomalin an riga an tabbatar yana jawo kansa. Da irin wannan haɗin ake wanke kan jariri ranar suna, da shi ake wanke kan amarya!

Mu Zamfarawa ba baƙin irin wannan ba ne. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, alhali iyayensu neman halali suke yi a cikin gidajensu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu koyar da sana'a, ku daina rubuta wa ɗalibanku fomalin a takardar haɗi, ku gaya musu me ke cikin fom busta. Mai haɗawa, 'yar'uwa, ba mu ce ki bar sana'arki ba. Rage kumfar, gishiri ma yana kauranta haɗin. Sa safar hannu, ki fito da tukunyar daga ɗakin da yara ke kwana, ki nemi rajista a ofishin NAFDAC na Gusau. Maigida, juya robar ka karanta bayanta kafin ka biya. In ka ga Cocamide DEA, ko ba ka ga komai ba, mayar musu da kayansu. Karkashi da ganyen magarya da kakanninmu suka wanke kai da su har yanzu suna kasuwa, kuma ba su da tsada.

Malamai a masallatai da Islamiyyu, sarakuna da masu unguwanni, ku isar da wannan magana ga matan da ke cikin gida. Wanda ya ji, ya gaya wa maƙwabcinsa.