Wane Irin Littafi Ya Dace Da Dogon Hutu?

Idan watan Yuli ya kusa ƙarewa, makarantun firamare da na sakandare a yawancin jihohin ƙasar nan sukan sallami yara zuwa dogon hutu, ba a komawa sai cikin Satumba. Watau yaro yakan sami wajen mako shida, wani lokaci har bakwai, babu ƙararrawa, babu malami a kansa. A daidai wannan lokaci ne kuma ma'aikata da yawa suke neman hutunsu na shekara, domin ya dace da na 'ya'yansu. To, me ake karantawa a cikin waɗannan makonni? A gidaje da dama amsar ba ta da daɗin ji. Ko dai ba a karanta kome, sai latsa waya dare da rana, ko kuwa a tilasta wa yaro ya koma kan littattafan da ya rabu da su jiya, da sunan shirin jarrabawa, har a biya kuɗin darasin hutu a kan haka.

Duka biyun nan akwai asara a cikinsu, kuma an daɗe da auna ta. A shekarar 1978 wata mai bincike a Amurka, Barbara Heyns, ta buga sakamakon nazarin da ta yi kan 'yan makaranta a birnin Atlanta. Ta gano cewa daga cikin dukkan abubuwan da yara suke yi lokacin hutu, babu wanda ya fi karatun littafi alaƙa da ci gaban da suke komawa makaranta da shi, kana yaran da suke zuwa laburare sun fi sauran yawan karatu. A shekarar 2010 kuma Richard Allington da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani gwaji da suka yi a Jihar Florida, inda aka riƙa ba 'ya'yan talakawa littafi 12 kowannensu a ƙarshen shekarar karatu, har shekara uku a jere. Yaran da suka sami littattafan sun fi waɗanda ba su samu ba cin jarrabawar karatu. Abin lura a nan shi ne, yaran ne suka zaɓi littattafan da kansu, kuma da yawa sun ɗebi irin waɗanda malami zai yatsina fuska idan ya gani, labaran mawaƙa da taurarin talabijin. Duk da haka karatun nasu ya ƙaru.

Wannan ya nuna siffar farko da ake nema ga littafin hutu: ya zamana shi da kansa yake jan mai karatu, ba tare da bulala ko alkawarin maki ba. A cikin aji akwai malami, akwai jarrabawa, akwai kunyar 'yan'uwa, duk suna tura yaro gaba ko da littafin ya gundure shi. A gida lokacin hutu babu ko ɗaya. Littafin da bai iya riƙe mutum ba, a shafi na biyar za a ajiye shi, komai darajar marubucinsa, ya zama matashin kai ko abin fifita.

Marubutan Hausa na farko sun san wannan sarai. Mai karatu ya tuna yadda Alhaji Abubakar Imam ya gina littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937. Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa ya ƙulla makirci don a ja yaron waje a hallaka shi. Abin da ya tsare Musa a fada shi ne wani aku, wanda duk lokacin da yaron ya yi shirin fita sai ya ɗauko masa labari, ba ya ƙarewa sai dare ya tafi. Watau tun daga tushensa littafin yana magana ne a kan yadda labari mai daɗi yake zaunar da matashi mai ƙaiƙayin ƙafa. Akun nan bai yi wa Musa tsawa ba, bai kuma karanta masa dokoki ba, sai dai ya sa shi son jin yadda labarin zai ƙare. Ubannin da suke kukan 'ya'yansu ba sa zama gida lokacin hutu, ya kamata su sake duba dabarar tsuntsun nan.

Akwai kuma wani abu da masu kwaikwayon tsarin Turawa suke mantawa da shi. Su can hutun nasu yana faɗawa ne lokacin zafi, inda mai hali yakan tafi bakin teku ya miƙe ƙafa da littafi mai kauri. A nan dogon hutu yana zuwa ne tsakiyar damina. Ɗan makarantar da ya koma ƙauye, fartanya ce take jiransa: ga noma, ga maimai, ga kiwo. 'Yar makaranta kuwa ga aikin gida, ga rainon ƙanne. Lokacin karatun da ya rage musu gutsi-gutsi ne, bayan an taso daga gona, ko ranar da ruwan sama ya tsare kowa a ɗaki, ko tsakanin Magariba da barci idan akwai fitila. Saboda haka littafin da ya dace da su shi ne wanda za a iya ɗauka a ajiye ba tare da zaren labarin ya ɓace ba. Nan ma Magana Jari Ce ya yi fice, domin kowane labari a cikinsa yana ƙarewa a zama ɗaya. Haka Ruwan Bagaja, wanda duk garin da Alhaji Imam ya sauka, da Malam Zurƙe a bayansa, sabuwar rigima ce mai cin gashin kanta. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo su ma ba su da nauyin da zai gagari yaro mai gajiyar gona.

Ba a ce dole littafin hutu ya zama na ban dariya ba. Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Balewa ya rubuta don gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, labarin baƙin ciki ne: yaro da aka sace, aka bi da shi cikin Sahara, da uwar da ta ƙarar da rayuwarta wajen nemansa. Amma gajere ne, harshensa a miƙe yake, kuma wanda ya fara shi da wuya ya iya barci bai san ko uwar ta ga ɗanta ba. Yaron da ya karance shi ya san abin da cinikin bayi ya yi wa gidajen ƙasar nan fiye da yadda babi guda na littafin tarihi zai sanar da shi, alhali kuwa ba wanda ya ce masa darasi yake ɗauka.

Sai dai akwai wani abin takaici. Waɗannan littattafai an sha sa su cikin manhajar jarrabawa, har ɗalibai da yawa suka san su ta hanyar taƙaitaccen bayani da tambayoyin shekarun baya kawai. Ɗalibi zai iya lissafa jigo da salo da sunayen taurari, bai taɓa yin dariyar wautar Malam Zurƙe ba. Hutu shi ne kaɗai lokacin da za a iya mayar wa irin waɗannan littattafai haƙƙinsu, a karanta su yadda aka rubuta su domin a karanta.

Wani ma'auni da ya dace da gidajen Hausawa shi ne karatu a bayyane. A zamanin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, mutum ɗaya mai karatun boko yakan zauna a zaure ko a dandali ya karanta wa goma jarida ko ɗan littafi. Har yanzu a gidaje da yawa akwai kaka ko uwa da ba ta yi boko ba, da ƙanne da ba su kai ba. Littafin da ɗan sakandare zai iya buɗewa ya karanta da ƙarfi a tsakar gida, kakarsa ta saurara, ƙanensa ya saurara, ba inda zai tsallake don kunya, ba inda za a tsaya a ce me ake nufi, wannan ya ci jarrabawa mai wuya. Kuma amfanin ya ninku, gama mai karantawa a bayyane ba ya iya yin ha'inci ga kalmar da bai sani ba, tilas ya furta ta, tsohuwa kuwa ta gyara masa, sau da yawa har ta ƙara masa da karin maganar da ba ta cikin littafin.

Daga nan ne ake isa wurin da ake saɓani. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, littattafan da matasa, musamman 'yammata da matan aure, suka fi saye da kuɗinsu su ne waɗanda ake kira na soyayya, ko adabin kasuwar Kano. An zarge su da ɓata tarbiyya, har a shekarar 2007 aka ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a a Kano. Ba a musun cewa akwai na banza a cikinsu, masu Hausa a karkace, da labarin da bai wuce mota da leshi ba. Amma yi musu kuɗin goro zalunci ne. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya koya wa dubban matasa zama da littafi har ƙarshensa. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, labarin Rabi da mijinta ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya, ya faɗi gaskiyar da ake gani a unguwanni kullum, har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ko So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin NNPC ya buga a 1980 bayan gasar da ya shirya, ai labarin soyayya ne. Uban da ya ƙwace littafi daga hannun 'yarsa bai buɗe shi ba, bai san abin da ya hana ba. Abin da ya fi shi ne ya karanta babi biyu, in ya ga ɓarna ya faɗi inda take, ya kawo wani a madadinsa. Wanda ya hana bai musanya ba, waya ya miƙa wa yarinyar, can kuwa labaran da ake turawa ta WhatsApp ba su bi ta hannun edita ba, balle na uba.

Ma'aikacin gwamnati shi ma maganar ta shafe shi, wataƙila ma fiye da ɗansa. Akwai jami'ai da yawa da rabonsu da karanta wani abu wanda ba fayil ko takardar umarni ba tun ranar da suka bar makaranta, kuma ana ganin alamar haka a cikin wasiƙun da suke rubutawa, jimloli iri ɗaya ana ta gadonsu daga fayil zuwa fayil. Irin wannan mutum hutunsa na shekara ya ishe shi littafi biyu ko uku. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, yana magana ne a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, kuma ma'aikaci zai gane fuskoki a ciki ko da ba a ambaci sunan kowa ba. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo yana bin sawun saurayin da ya bar ƙauye ya shigo birni, abin da duk mai aiki a ƙaramar hukuma yake gani da idonsa. Mai son tafiya yana zaune kuwa, ga Tafiya Mabuɗin Ilmi, inda Abubakar Imam ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ban da wannan, ɗan da bai taɓa ganin ubansa riƙe da littafi ba, da wuya ya yarda cewa karatu abin jin daɗi ne, komai yawan wa'azin da za a yi masa.

Game da harshe, wasu iyaye suna ganin karatun Hausa ɓata lokaci ne tun da jarrabawa da Turanci ake yi. Wannan kuskure ne. Yaron da ya saba zama awa guda da littafi, a kowane harshe, ya riga ya mallaki abin da ya fi wuya, watau haƙurin bin rubutu. Daga nan a sa masa na Turanci mai sauƙi wanda ƙasarsa take ciki, kamar The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, ko The Stillborn na Zaynab Alkali ga wadda ta ɗan tasa. Waɗanda suka yi makaranta a ƙarshen shekarun 1970 da cikin 1980 sun san yawan Turancin da suka tsinta daga jerin Pacesetters, ana karɓa hannu da hannu har bangon littafi ya fita.

Saura batun samu, wanda shi ne babban cikas. Takarda ta yi tsada, kantunan littattafai a garuruwa da yawa sun koma sayar da na manhaja kaɗai, kuma mafi yawan ƙauyuka ba su da laburare kusa. Amma akwai abin da ba ya bukatar sabon kasafi. Makarantu da dama suna da littattafai a kabad, waɗanda ake kullewa ranar sallama, su kwana wajen mako shida tare da gara da ɗanshin damina. Ma'aikatun Ilmi na jihohi suna iya ba shugabannin makarantu umarni su ba kowane ɗalibi aron littafi biyu a makon ƙarshe na zango, ya zaɓa da kansa, a rubuta sunansa a rajista, ya dawo da su ranar komawa. Lalle wasu za su yage, wasu su ɓace. Mai kula da kayan makaranta zai yi ƙorafi a kan haka, kuma ya kamata tun farko a gaya masa a rubuce cewa ba za a cire kuɗin littafin da ya tsufa a hannun yara daga albashinsa ba.